Ƙasar Bangon Ɗakin 'Yan Biyu

Daren Laraba, cikin damina, 1999. Gobarau.

Barci ya ƙi zuwa. Ramukan nan na bangon ɗakin yara da muka daɗe muna ɗora wa ɓera laifi, ashe ɗiyata Hassana ce. Da hantsi na iske ta tana ƙwaƙular ƙasar da farce tana kaiwa baki. Yarinya mai shekara goma sha uku! Ban dake ta ba, asibiti na ja ta.

Nas ta ja fatar idonta ƙasa, ciki fari fat. Ta ce, "Baiwar Allah, jininta ya yi ƙasa sosai, shi ke sa ta kwaɗayin ƙasa. Ga ƙwayar ƙarin jini, a riƙa ba ta hanta da wake da zogale."

A hanyar gida, mun wuce teburin mai shayi ana ta gardamar sabuwar gwamnatin farar hula, na tambaye ta yaushe ta fara. Ta ce, "Inna, ai tare da Usaina muke ci."

Usaina, abokiyar tagwaicinta da ta rasu bara. Na tuna tafin hannunta fari, da hakin da take yi in ta ɗauko bokiti. Aka ce iska ce, muka yi ta turare da rubutu. Ba wanda ya duba idonta. Na san kwana ne ya ƙare, amma fuskarta ta ƙi barina.

Ɗazu da Hassana ta haɗiye maganin sai ta riƙe gefen zanena. "Inna, ni ma tafiya zan yi?" Na ce a'a da ƙarfi har babansu ya leƙo. Ya Allah, Ka sa ba ƙarya na yi mata ba.