Man Zaitun Surukina Ya Faɗi Jarrabawa

Si Tahar, ka agaje ni, murna ce ta jefa ni a rami.

Bana shekarar alheri ce a gare ni. Na sami aiki a wani ɗakin gwajin man zaitun a birnin Safakis, an kuma sa bikina da Sausan bayan tsinkar zaitun. Mahaifinta, Ammi Muldi, wato Baffa Muldi, yana da itatuwan zaitun ɗari biyu a garin Jabanyana, kuma ya fi yabonsu a kan 'ya'yansa. Ran da aka karanta mana Fatihar baiko ya danƙa mini kwalbar mansa, ya ce in gwada, in faɗi sakamako gaban dangi wajen cin kuskus ɗin Juma'a, don ƙanensa mai gardama ya kama bakinsa.

Sau uku na gwada. Na sake wanke kwalabe, na zargi sinadarina, har na gwada wani man da na san lafiyarsa. Kuskuren ba nawa ba ne. Tsamin mansa kashi biyu ne cikin ɗari, alhali mai na daraja ta ɗaya ba ya kai ko kashi ɗaya. Harshe ba ya jin irin wannan tsami. Dalilin ma na san shi: yakan bar zaitun kwana huɗu a buhu, wai ya huta, kamar yadda marigayi ubansa ya riƙa yi. Sausan dariya kawai take, ta ce ni na ce ina son 'yar manomi. In faɗi gaskiya in kunyata shi, ko in yi ƙarya in ci amanar aikina?

Ango Mai Kwalba

Ɗana, barka da aiki, barka da amarya. Amarya mai dariya a irin wannan hali ta fi itatuwa ɗari biyu.

Ƙarya kam babu ita. Wanda ya fara aure da yabon mai mara kyau, shekara arba'in zai yi yana dangwala burodi a cikinsa. Amma shi ma dattijon yana da hujja. Zaitun da ya kwana a buhu ya yi laushi, matsarsa ta fi sauƙi a dutsen niƙan da ubansa ya sani. Kada ka ƙaryata mamaci a gaban kwanon kuskus.

Ka iya neman kuskure a kwalba, ka kasa a gidan surukai. Ranar Juma'a ka ce kwalba ɗaya ba ta isa hukunci ba, wannan kuwa gaskiya ne. Ku tsinki zaitun na itace ɗaya ku raba biyu, rabi a matse ran nan, rabi ya yi hutunsa. Sannan ka kai masa kayan gwajin har tsakar gida, ba tare da ƙanen nan ba. Shi zai ɗiga sinadarin da hannunsa, yana ƙirga ɗigon har ruwan ya koma ruwan hoda, yawan ɗigo yawan tsami. Kai dai ka riƙe kwalba ka yi shiru.

Kafin biki za ka ji shi a gidan shayi yana zagin masu barin zaitun a buhu, yana cewa shi ya koya wa surukinsa, yaron nan mai ilimin takarda. Ka amsa da haka ne, Ammi. Allah ya sanya alheri, a kuma aiko mini da kwalba daga rabin da bai huta ba.