Hannun Daman Yaya Wilkin

Kawu Anselmo,

Ka gafarce ni da na yi karambanin rubuto maka, na rasa wanda zan faɗa wa ne. Ina fata kana lafiya. Yaya ƙafar Goggo Nereida? Yaya Mama da kowa a gida San Pedro? Ni ƙalau nake a nan Ohio ta Amurka, karatu yana tafiya, sai dai har yanzu ni kaɗai nake cin abinci a makaranta.

Na san kun ji an ba Yaya Wilkin kyautar gwarzon mai jifa na bana a ƙananan ƙungiyoyin ƙwallon sanda, wato wasan besbol. Ina wurin. Amma Kawu, da hagu ya karɓi kofin, dama tana aljihu. Na dafa masa ayaba irin ta Mama, da hagu ya ci. Na ce, "Yaya, yaushe ka zama bahago?" Ya yi dariya ya ce, "Ke 'yar sa-ido, hannun gwarzo ne, hutu yake yi." Washegari kuwa ya kasa taje kansa.

An ce baɗi babbar ƙungiya za ta ɗauke shi, ina jin shi ya sa yake ɓoye wa likitan ƙungiyarsu ciwon hannun. Ya rantse min lafiyarsa lau, ban yarda ba. Kai ka koya masa jifa, kai kaɗai yake shakka. Don Allah ka kira shi, amma kada Mama ta ji tukuna.

Gobe zan roƙe shi ya sauko min da akwatina daga saman kabad, in ga ko zai iya ɗaga hannun daman. In ka ba ni izini, zan sake rubuto maka abin da na gani.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Yulissa