Garin da Auta Ya Gina

Injiniyata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya maigidan, ya jikata sarkin ƙiriniya? Mu nan lafiya, sai gwiwar nan tawa da ba ta jin magana. Ki yi haƙuri da rubutun, da yatsa ɗaya nake dannawa.

Maganar kwamfutar Auta ce, Allah ya jiƙansa. Kin san tun rasuwar ƙanin nan naki, wata tara ke nan, Babanku ya tare a ɗakinsa. Mutumin da ko rimot sai an danna masa, wai shi ne ya koyi wasan nan na gina gari. Akwai garin da Auta ya shekara uku yana ginawa a ciki, da kogi da gada da kasuwa. Babanku ba ya ƙara komai ba ya rage komai, yawo kawai yake a ciki, tun safe har abinci ya huce in ɗumama ya sake hucewa. Sau biyu ya kira ni in zo in ga wani abu, na ce ina da aiki. Ni kiɗan wasan ma kaɗai in na jiyo daga kicin sai na ajiye wuƙa.

To yanzu kwamfutar mutuwa take yi. Yana tsakiyar wasa sai ɗif. Ya kunna, a jima, ɗif. Jiya ya fito ya zauna a falo yana kallon bango, ya ce, "Maman Auta, ko ita ma tafiya za ta yi?" Shi ya ce in rubuto miki, tunda ke kika karanta abin.

Ki shafa mini kan yarinya. Allah ya yi albarka.
Mamanki

*

Mama,

Na amsa sallama. Ina gaishe ku da kyau, ke da Baba. A riƙa shafa maganin gwiwar, ba a ajiye shi a kan firji ana kallo ba.

Kada hankalinku ya tashi. Kwamfuta in tana mutuwa lokacin wasa, yawanci zafi ne ko wuta. Ki duba mini waɗannan. Fanka tana ƙara sosai kafin ta mutu? Bayan akwatin kwamfutar yana zafi? Allon yana yin shuɗi da rubutu, ko baƙi yake yi nan take? In ta mutu, 'yar fitilar da ke ƙasan allon tana nan a kunne, ko ita ma ɗaukewa take? Sannan a wane soket aka jona ta?

Ki kira mai gyaran nan na bakin titi ya buɗe ta, ya share ƙura, ya cire ram, wato 'yan sandunan nan biyu da ke ciki, ya goge su da tsumma ya mayar. In yana da wani akwatin wuta, irin wanda ke raba wa kwamfuta wuta daga ciki, ya gwada da shi. Amma kada ya goge komai a ciki, ki tsaya a kansa.

Ki ce wa Baba garin yana nan, ba abin da ya same shi.

'Yarki

*

Injiniyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Maganin ina shafawa, ke dai kin cika sa ido kamar kakarki.

Mai gyara ya zo. Da ya buɗe akwatin sai ya ja da baya yana tari, ya ce, "Mama, wannan ai ba kwamfuta ba ce, katifa ce." Ƙura kamar auduga, har fankar ta yi gemu. Ya hure ta, ya cire 'yan sandunan nan biyu ya goge, ya sa wani akwatin wuta. Babanku na tsaye a kansa kamar ana yi wa mutum tiyata, motsi kaɗan ya ce a hankali, a hankali.

Tambayoyinki. Fanka ba ta ƙara. Baya da ɗumi amma ba na ƙona hannu ba. Allon baƙi yake yi nan take, 'yar fitilar ma ɗaukewa take.

Amma wani sabon abu ya ɓullo tun Talata. Wani ƙas, ƙas, ƙas take yi daga ciki kamar tsohon agogo. Sai hoton ya daskare, ɗan mutumin da Babanku ke tafiya da shi ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama a kan gada, sai allon ya yi shuɗi. Wannan karon wallahi ina tsakiyar falo, hannuna biyu riƙe da faranti. Sau huɗu ta yi haka. Babanku ko shayi bai sha ba yau.

Me ke nan kuma? Ki amsa da wuri.
Mamanki

*

Mama,

Ina gaisuwa. Kada a sake kunna ta, ko sau ɗaya. Wannan ƙarar faifan ajiya ce, inda garin yake, kuma lalacewa yake yi. Duk kunnawa ɗaya tana cin wani abu. A cire shi a kai wa mai gyara ya kwafe abin da zai iya zuwa sabo.

Tsohon faifai ne, in wuta tana yanke masa yana tsakiyar aiki, sau da yawa, haka yake ƙarewa. Tunda fitilar allon ma tana ɗaukewa, daga bango wutar ke yankewa, ba daga kwamfutar ba.

Mama, kin amsa duk tambayoyina ban da ta soket. Na tuna soket ɗin ɗakin Auta ya ƙone, ya ja waya ta ƙarƙashin ƙofa zuwa kicin, kusa da butar shayi. Kuma ban tambaye ki inda hannunki yake ba.

'Yarki

*

'Yata,

Na gaishe ki. Tun safe nake rubutawa ina gogewa.

Ni ce. Ranar farko ba da gangan ba ne, makunnin butar zan kashe na danna na kusa da shi. Kiɗan ya tsaya. Gidan ya yi tsit, rabon da in ji haka har na manta. Na mayar da sauri. Sai ga Babanku ya fito, ya ce ta mutu, ya ja kujera ya zauna. Muka ci abinci tare. Har ya ce gishiri ya yi yawa. Wata takwas bai ce mini gishiri ya yi yawa ba.

Washegari na zuba abinci, na tsaya ina kallon makunnin nan. Daga nan kuma ban ƙirga ba.

Ni ma fa ɗana ne. Ni na wanke kayansa na ninke, ni nake wuce takalmansa a bakin ƙofa kullum. Babanku ya samu inda zai je ya same shi, ni aka bar ni da tukwane. Ina jin sa ta bango yana cewa, "Kai yaron nan, nan kuma me ka gina?" Ni ko sannu. Ban ce na yi daidai ba. Na ɗauka kamar fitila ce, ka kashe ka kunna ba abin da ya ragu.

Mun kai faifan. Babanku ya naɗe shi a tawul ya rungume a ƙirji har shagon, bai yarda na riƙe ba. Mai gyara ya ce kwana biyu, kuma bai yi alkawari ba.

Don Allah kada ki gaya masa.
Mamanki

*

Mama,

Na karanta, na yi kuka a ofis. Ba daga bakina zai ji ba. Amma ke ki gaya masa. Ina nan tafe ƙarshen wata.

'Yarki

*

'Yata,

Gaisuwa. An samo rabi. Kogi yana nan, da kasuwa, da gada. Tsallaken gadar babu komai sai ciyawa.

Na gaya masa. Ya ce ya sani, ƙarar makunnin tana zuwa masa ta bango. Wai ya sa ni rubuto miki ne ko zan ji nauyi in daina, don ya kasa faɗa mini da bakinsa.

Bai yi faɗa ba. Kujera ya jawo mini, ya tsallaka da ɗan mutumin nan, ya tsayar da shi a tsakiyar ciyawa. Ya ce, "Nan gidanmu yake. Nan ɗakinki, taga biyu ya sa miki saboda kina son iska. Shi na kira ki ki gani."

Na ce wane launi ne ƙofar. Ya daɗe yana kallon allon, ya ce ya manta.

Ke Auta ya taɓa nuna miki gidan? In kin tuna launin, ki rubuto mini.

Allah ya kawo ki lafiya.
Mamanki