Ƙusar Amalanke da Ƙafar Jirgi

Kunci, Jihar Kano

Zuwa ga ɗana Naziru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a can Legas. Mu nan kalau muke. An yanke gero, dawa ta kusa, innarka Mairo ƙafarta ta yi sauƙi har ta koma faɗa da kaji. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji huɗu na tsaya, kuma malamin ne ya gaji, ba ni ba. Na zaɓi takarda ne don in na kira ka, kafin in gama sallama innarka ta ƙwace wayar. Ƙanwarka Ramlat za ta ɗauki hotonta ta turo maka.

Maganar da ka faɗa mini ran Juma'a ta tsaya mini a rai. Ka ce jirgin da kuke gyarawa ya tashi da fasinja sama da ɗari, da ya zo sauka ƙafar gaba ta ƙi fitowa, matuƙin ya yi ta zagaye har mai ya ragu, sannan ya sauka da tayoyin baya, hancin ya goge titi, kowa ya fita da ransa. Alhamdu lillahi. Ni da ma ban san jirgi naɗe ƙafa yake yi kamar raƙumi ba sai da ka fara wannan aiki. Ka ce da safen ranar ka ga man da ke tura ƙafar yana ɗiga, ka gaya wa oganku, ya ce a goge kawai, fasinja na jira. Abokin aikinka Yahya, wanda bai ga komai ba, shi ya sa hannu a takardar cewa jirgin lafiya lau yake. Yanzu kwamiti zai zauna ran Litinin, oga ya ce ka ja bakinka ka tsira da aikinka, laifi ya tafi kan Yahya. Ka tambaye ni yadda za ka yi. Ɗana, ka tambayi gwani, don ubanka ya taɓa zama ogan nan.

Shekara talatin da ɗaya ke nan, lokacin muna noman rani a Watari tare da marigayi kakanka. Ƙa'idar gidanmu ita ce, wanda ya ɗaura wa shanu amalanke shi zai zagaya ya duba ƙusar da ke tare taya, mai kora kuwa hawa kawai zai yi. Ranar ni na ɗaura. Ƙusar hagu ta ɓace, ni kuma hankalina yana wajen wasan dambe, sai na tsinci wata waya na lanƙwasa na zura a ramin, na ce ta kai kasuwa ta dawo. Ƙanena Ɗanliti, baffanka, ya hau da kwando goma sha biyu na tumatir. A gangaren gada taya ta yi nata wuri, har ta riga shanun isa ƙasa. Tumatir ya zama miya ba wuta, sa ɗaya ya karye, dole aka yanka shi. Kakanka ya tambaye ni ko na duba, na ce sarai, gudun Ɗanliti ne ya jawo. Daga ranar bai sake ba shi igiyar shanu ba har ya rasu, gari kuma ya laƙaba masa suna Ɗanliti Mai Miya. Har jikokinsa da shi suke kiransa, ni kuwa ina cikin masu dariya.

Jiya na ɗauki biro zan rubuta maka cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, sai hannuna ya ƙi. Na sa takalmi na tafi na sami Ɗanliti a gindin ɗorawarsa yana gyaran lauje. Na yi ta kewaye-kewaye kamar jirgin naku, na tambayi akuya, na tambayi farashin taki, daga ƙarshe dai na sauka a kan hanci na faɗa masa gaskiyar maganar wayar nan. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce tun ranar ya tsinci wayar a bakin hanya, ya gane lanƙwasar hannuna ce. Ya ce bai faɗa wa kakanka ba don yana jira in faɗa da bakina, sai dai bai zaci zai yi furfura yana jira ba. Ya yi dariya ya ce ya yafe. Ni na kasa dariyar, kuma ka san ba kasafai take gagarata ba.

To, Naziru, ni tumatir na zubar, kai mutane ake ɗora wa abin da kake gyarawa. Ran Litinin ka faɗi abin da ka gani, da wanda ka gaya wa, da abin da ya ce, kada ka ƙara kada ka rage. Ka faɗi naka ma, cewa hannunka ne ya goge man. Ba zan ruɗe ka ba, wuƙar ba ta huda cikin amma takan ɗan yanka, mai yiwuwa aikin ya tafi. In ya tafi ka taho gida, gonar fadama tana nan, Allah kuma bai rufe ƙofar arziki a Legas kaɗai ba. Kada dai ka bar Yahya yana jiranka shekara talatin.

Innarka na gaishe ka, haka yayarka Huseina da mijinta Kamaruddeen da yara. Ka gaida matarka Aina'u da jikata Halima Sa'adiya. Baffanka Ɗanliti ya ce in gaya maka yau da safe ni da kaina na miƙa masa igiyar shanu, ya kora su har bakin kasuwa, tayoyi biyu cif. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka ƙarfin zuciya.

Ni ne mahaifinka,
Sabo Dallatu