Goran Baba Ya Sake Taɓa Ruwa

Daga Jarwal, Makka.

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda kika sha cewa ba na yin sa sai ina son wani abu, ina fatan makwancinki a maƙabartar Mu'alla ya yalwata, ya yi sanyi. Mu nan lafiya lau. Surukarki Hauwa da yara suna gaishe ki. Aikin faɗaɗa Harami bai ƙare ba. Alhazan gida kuwa yanzu ta sama suke sauka a Jidda: tafiyar da ta ci mana shekaru, su yini guda ya ishe su, har da ƙorafin gajiya.

Labarin Baba na kawo miki, kuma ki gyara zama, don mai daɗi ne, farkonsa ne kawai ba daɗi.

Tun da kika tafi mutumin nan ya rufe bakinsa. A ajiye masa ful da tamis, waken nan da gurasar Larabawa, ya taɓa ya ture. Hauwa ta tuƙa tuwo da miyar kuka, ya dube shi kamar an kawo masa sammaci. Ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Mutumin da ya yi shekaru yana hawan duwatsun Jarwal da garwa biyu na ruwa a kafaɗa, ya zamana daga Harami sai lungun ɗaki, gefen goran nan. Rannan na leƙa na gan shi ya kifa fuskarsa a bakin goran yana shaƙa. Sai na gane: ƙanshin daddawarki yake nema.

Kin fi kowa sanin goran. Da shi Baba yake su a gulbin Argungu, ya kwanta a kansa da ciki, homar kamun kifi a hannu, kifi a cikin goran. Ke kika ɗauko shi a ka, ya bi mu Fallomi ta ƙasar Cadi, ya bi mu gonakin audugar Sudan, ya hau jirgin ruwa a Sawakin. A nan Makka, inda ba gulbi ba tafki, ya zama rumbunki na daddawa da kuka. Kin tuna Alhajin nan ɗan Turkiyya da ya taya shi da daraja, na zo ina lallaɓa ki? Ba ki ko dube ni ba kika ce, "A gaya wa mai kasuwar nan ya sayar da hularsa." Har kika koma ga Allah ba ki taɓa kama sunana ba, sai "mai kasuwar nan". Kunyar ɗan fari ce, na sani, amma kuma sunan bai yi ƙarya ba.

To, mai kasuwar nan ya yi ciniki, Inna.

Bara na je sarin dabino a Aflaj, can cikin Najadu, na ga abin da ban zata akwai shi a ƙasar nan ba. Kusa da garin Laila, kana tafe cikin tsakuwa da rairayi, sai ƙasa ta buɗe baki. Rami ne ƙato, gefensa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, cike da ruwa shuɗi mai sanyi. Ba ɗaya ba ne, suna nan a jere, wani kamar rijiyar ƙattai, wani sai ka ɗaga murya kafin na ƙetare ya ji ka. Mutanen wurin sun ce wani ya taɓa haɗiye raƙumi da kayansa, kuma ba a san ƙarshen zurfinsa ba. Na san masu talla, na rage rabi, duk da haka abin da ya saura ya isa.

Da na ga Baba yana ƙarewa, sai maganarki a kan Sarkawa masunta ta faɗo mini: "Basarke ko ya mutu, a yayyafa masa ruwa kafin a tabbatar." Na ce masa ya raka ni, mutanen Najadu ba sa sassauta wa wanda ba furfura a gefensa. Ya girgiza kai. Na ce canjin iska ne. Ya juya mini baya. Sai ranar tafiya na shiga ɗakin, na juye daddawar a kwano, na rungumi goran na yi waje, wai zan zuba goro a ciki kada zafi ya ɓata shi. Ban waiwaya ba. Kafin Usman direba, Bahaushen Sudan ɗin nan mai babbar mota, ya gama ɗaure kaya, ga Baba da sandarsa da buzunsa yana haki. Magana ɗaya ya yi: "Inda za ya, can za ni."

Haka muka haura Ɗa'ifa muka faɗa sahara, muna ya da zango a rumfunan shayi, yana rungume da goran kamar jinjiri. Duk ramin da mota ta faɗa, shi yake tarewa da ƙirjinsa. Usman ya ce bai taɓa ɗaukar fasinjan da ke tafiya da dogari ba sai goran nan.

Da hantsi muka isa. Na ce Usman ya tsaya mu duba taya, alhali tayar lafiyarta ƙalau. Baba ya sauko, ya yi taku kaɗan, ya tsaya cak. Hancinsa ne ya fara ji kafin idonsa. Inna, da kin ga ƙafafun nan da muke ja zuwa masallaci! Sai da na yi sassarfa na cim masa.

A nan ne aka kusa yin ta. Ya durƙusa a bakin ruwan ya yi masa sallama da ƙarfi, irin ta Sarkawa mai neman izinin masu wuri, ya kwance ƙullin garin gero daga bakin rawaninsa ya barbaɗa. Ashe ya shirya, tsohon nan, ya gane ni tun daga Jarwal. Ga samari Larabawa suna wanka, ga wani dattijo mai jan gemu da tsumagiya yana kallo. Kin san Najadu ba Makka ba ce, ba sa wasa da abin da ya yi kama da tsafi, kuma kin san takardun zaman Baba a ƙasar nan ba su cika ba. Dattijon ya tako ya tambaye ni me tsohon Takaruni yake yi, sunan da suke kiran mu baƙaƙen Yamma ke nan.

Na gyara hula. Na ce ya Shaihu, sallama dai sunna ce ko a gidan da ba kowa. Garin kuwa sadaka ce ga kifi, a ƙasarmu dattijo ba ya shiga ruwa sai ya ciyar da mai rai. Ya shafa gemu. Can sai ya ce masha Allahu, ya aika a kawo busasshiyar gurasa, shi ma ya marmasa ya zuba. Ban yi ƙarya ba, Inna, kifayen sun ci.

Baba ya leƙa su ya taɓe baki: "Waɗanga ba kihi ba na, jikokin kihi na." Rabon da in ji ya kushe wani abu tun kina raye. Na ji daɗin kushen nan fiye da ribar dabino.

Ya tuɓe riga, ya ɗauki goran, sai kuma ya tsaya. Ya kai shi hanci, ya dubi ruwan, ya sake kai shi hanci. Na gane abin da yake aunawa: in ya shiga, ruwa zai wanke abin da ya rage masa naki.  Shi da kansa ya yi bisimilla ya tura goran cikin ruwa.

Samarin suka fashe da dariya, su da guntun kututturen dabino suke koyon iyo, ba su taɓa ganin mutum a kan tukunya ba. Dariyar ba ta daɗe ba. Ya kwanta a kai, ya buga ƙafa sau biyu, sai ga shi a tsakiya, wurin da suka ce ya ci raƙumi. Ya saki goran ya nutse.  Ya ɓullo can gefe yana furzar da ruwa yana ƙyaƙyata dariya, da bakin nan mai haƙori uku. Kafin azahar sun yi layi yana koya musu, yana zaginsu da Kabanci, Hausarmu ta Argungu, suna cewa na'am. Ni kuwa ɗan Basarke, a gefe na tsaya ruwa iya ƙugu, riƙe da ciyawa. Kada ki gaya wa kowa.

Da ya fito, ya tsiyaye ruwan da ya shiga goran, ya jingine shi a rana. Ya ƙi zama har ya bushe. Sannan ya cusa fuskarsa ciki, ya daɗe. Ya ɗago ido jawur ya ce, "Tana nan." Ashe daddawar shekara da shekaru ta fi ƙarfin ruwan Najadu. Sai ya juyo gare ni: "Kai, mai kasuwa, ba a cin abinci garin ga?"

Ya ci nasa, ya ci rabin na Usman. Yanzu a gida Hauwa ƙorafi take yi wai tukunya ta yi kaɗan, zoben ma ya fara hanyar komawa yatsansa. Daddawa ta koma mazauninta.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya shayar da ke daga tafkin da ba a ƙishi bayansa. Ya bar mana tsohon nan tukuna, kin ga yanzu ya fara ci, kada ki yi gaggawar kiransa. Amin.

Hular tana nan a kaina, goran yana lungunsa. Ban sayar da ko ɗaya ba.

Naki har kullum,
Mai kasuwar nan.