Tayoyin Ɗauko Mai Jego

Malam, don Allah ka agaza min, kaina ya kulle. Matata Hamdiyya tana wankan jego a gidansu, wani ƙauye bayan Doguwa, haihuwar fari ce. Tun ranar suna ban sake ganinta ba, ita da jaririyar. Ka san yadda abin yake, in ka cika zarya gidan surukai sai a ce ba ka da kunya. Ni da nake hana mutanen Yako sakat da tsokana, yanzu in na shiga ɗaki sai in tsaya ina kallon wurin da take ajiye buta. Shayi ma ya daina min daɗi.

To arba'in ta ƙarato, ni zan ɗauko su. Jif ɗin yayana Idris nake tuƙawa, muna ɗibar kaya zuwa kasuwar Dangora. Tayoyinta sun cinye, sun yi sumul kamar tafin hannu, ga damina, ga hanyar ƙauyensu taɓo zalla. Mai facinmu ya nuna min wasu na gwanjo manya-manya masu haƙora kamar na tarakta, amma biyu sun ɗan fi biyu girma. Ya buga musu ƙafa ya ce garau suke. Wallahi sun shiga raina, har na hango kaina na faka a ƙofar gidan surukai ƙannen Hamdiyya sun fito kallo.

Da na gaya wa Yaya sai ya yi dariya, wai wata sabuwar tsiyar ce na ɓullo da ita, burga kawai nake so. Matsalata ke nan, Malam: ko kuka nake yi, cewa ake wasa ne. Ni kuwa tsoro nake kada mota ta kafe da mai jego da ɗanyen goyo a tsakiyar daji. In matsa a sa manyan, ko yaya?

Angon Ƙarni, Yako

Angon Ƙarni, barka da arziki. Tsoronka gaskiya ne, amma Yaya Idris ma bai yi ƙarya ba, akwai 'yar burga a ciki. Kuma motarsa ce.

Ka bar waɗannan tayoyin. Jif mai jan ƙafa huɗu ba ta son wata taya ta fi wata girma, giyarta ce za ta sha wahala. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai lambar girman tayar da aka ƙera motar da ita. Wannan lambar za ka nema, duka huɗun iri ɗaya, har da safaya.

Masu manyan haƙora suna da amfani a taɓo, amma yawancin tafiyarka, ta Tudun Wada har Doguwa, kwalta ce. A jiƙaƙƙiyar kwalta ba sa kama birki sosai, ga ƙugi, ga shan mai. Nemi masu matsakaicin zane, waɗanda aka yi don kwalta da hanyar ƙasa.

Bugun ƙafa kuma ba ya faɗin shekarun taya. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere, biyun ƙarshe su ne shekarar da aka yi ta. In ta haura shekara shida, ko ka ga tsattsagewa, ka wuce. In biyu kawai za ku iya saya, su zama daidai da na jikin motar, a sa su a baya.

Ka ja Yayanka ku je wurin mai tayar tare, ka nuna masa lambar ba tare da ka yi dariya ba. Ranar tafiya kuwa, in an kwana ana ruwa, ka yi waya ka ɗaga zuwa gobe. Hamdiyya za ta yafe maka kwana ɗaya. Allah Ya raya jaririya, Ya dawo maka da su lafiya.