Kwat ɗin Zuwa Mambila

Trikania, Kaduna
Mayu, 1986

Ƙaramin maigidana, Malam Jethro,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Gembu, yaya ɗalibai, yaya sanyi? Mu nan sai godiya, tunda ita aka saba faɗa.

Ba zan ɓoye maka ba. An rage ma'aikata a masaƙa, yayanka Shekari yana ciki. Ƙuruciyarsa kaf a gaban inji ta ƙare, abin da ya fito da shi tari ne. Likita ya ce ƙurar auduga ce ta cika masa huhu, ya nisanci hayaƙin masana'antun Kakuri. Mu da hayaƙin ke shigo mana ta taga, ina za mu nisanta?

Kai ka jawo mana magana da hoton nan naka, kana tsaye cikin suwaita, shanu a bayanka, gajimare a ƙasan ƙafarka. Yayanka ya kafe shi a bango, ya ce iskar Mambila ce maganinsa, za mu zo a dogon hutu. Mutumin da aka haifa a gindin dutse bai taɓa hawa don shan iska ba! Har ya sayo kwat a gwanjo mai kaiwa gwiwa, yana gwada ta cikin zafin nan, gumi na zuba, yara na dariya.

Mama ta aiko daga ƙauye wai a kai mata ɗanta. Na ce sam. Ka san al'adarmu, ba a kai mara lafiya gida sai an fid da rai da shi. Ni ban fitar ba. Ko bayan duniya ne zan bi shi, amma ban da ƙauye.

Mota dai ba mu da ita, aljihu kuma sai a hankali. Ka rubuto mana hanya mafi araha.

Matarku,
Celina

Gembu
Yuni, 1986

Matarmu Celina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, ta kuma tayar mini da hankali ƙwarai.

Ki sani hoto da rani aka ɗauke shi. Dogon hutu tsakiyar damina ne, kuma daminar nan ba irin ta Kaduna ba ce. Daga Mayo Selbe, gindin dutsen ke nan, Landroba kaɗai ke hawa, ita ma sau da yawa fasinja ke sauka su tura ta cikin taɓo. Mai tari ba zai tura mota ba. Shawarata ku bari sai Disamba.

In kuwa Yaya ya kafe, hanya biyu ce. Ko ku bi jirgin ƙasa zuwa Makurdi, daga nan motocin haya zuwa Takum, Serti, har gindin dutse. Wannan wahala ce zalla, jirgi ba ya da lokaci. Ko kuma ku bi Malam Ibrahim, direban da ke kai ganyen shayi Kaduna. Yakan dawo ta Saminaka da Jos, ya kuma yarda ku zauna a gaba ba tare da biyan komai ba. Wannan na fi so.

Ku riƙo bargo da garin rogo da ƙuli-ƙuli, abincin tasha tsada. Masauki da abinci a nan nawa ne. Ni zan sauko gindin dutse in tarye ku.

Ki gai da Yaya da kyau. Allah ya ba shi sauƙi.

Naku,
Jethro

Trikania
Yuli, 1986

Malam Jethro,

Ina gaisuwa. Na karanta wa yayanka takardarka, ga amsarsa: wai Disamba ta masu ƙoshin lafiya ce. Motar Malam Ibrahim kuma ya ce a gode masa, shi jirgi zai hau. Ka ji fa! Shekari da ke wanke ledar burodi ya shanya, yau shi ke ƙin abin kyauta. Na yi faɗa har na gaji. Taurin kan gidanku gado ne.

Jikin ba daɗi, Jethro. A zaune yake barci, daga ɗaki zuwa bakin famfo sai ya huta. Ina jin tsoro, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kai.

Na ce zan sayar da keken ɗinkina mu sami na guzuri. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce in na taɓa keken nan bai yafe ba. Tun bara yake da wannan ciwon a zuci, tun da abokinsa Monday ya rasu, matarsa ta sayar da injin niƙanta don a yi shatar motar kai gawa garinsu. Yanzu wankau take yi a Barnawa.

Da kansa ya je tasha ya sayo tikiti biyu, ya ƙulle su a aljihun kwat. Yara za su zauna wurin maƙwabciyarmu Mama Nkechi. Makon farko na Agusta za mu taso. Ka tanadi wuta da shayi, kada ka kunyata ni gaban mijina.

Taku,
Celina

Gembu
Agusta, 1986

Celina,

Gaisuwa. Na sauko Mayo Selbe kamar yadda na alkawarta. Na kama muku kujerar gaba a Landroba, na yi ta leƙa kowace mota har direbobi suka soma yi mini ba'a. Da guzurina ya ƙare na hau na koma. Ruwa ya cinye hanya bayana. In kun fasa ne, ai sai a sanar da mutum. In wani abu ne kuma, don Allah ki rubuto.

Jethro

Trikania
Satumba, 1986

Jethro,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka gaisuwar yayanka. Shekari ya rasu, an binne shi kusa da Baba. Mun aika maka, ɗan aiken ya dawo daga Serti, ya ce ba hanya.

Mun hau jirgi lafiya. Yana ta kallon gonaki ta taga, har gyaɗa ya saya mini. Da rana tsaka muka shiga Kafanchan. Jirgi na tsayawa ya miƙe ya ce, "Celina, sauko da kaya." Na ce, "Baban Irene, ai ba mu iso ba." Ya ce, "Ni na iso."

A kan bencin tasha ya miƙo mini tikitin. Iyakarsu Kafanchan. Tun farko bai sayi na Makurdi ba.

Na zage shi, Jethro, a gaban mutane. Na ce maƙaryaci, ya mai da ni sakarya ina ta soya ƙuli-ƙuli. Ya bari na gama, ya jira numfashinsa ya dawo, ya ce, "Da na ce ki kai ni gida, za ki yarda?" Bai jira amsata ba. Ya ce, "Mai rai tikiti ya ishe shi. Gawa sai shatar mota. Ki bar kekenki a inda yake."

Akori-kura muka shiga zuwa ƙauyenku, tunda daga Kafanchan ba nisa. Da ƙafarsa ya shiga gidan ubansa, Mama ta rungume shi. Bai ga ƙarshen wata ba.

Har yanzu ina fushi da shi, ina kuma kewarsa kamar in mutu. Keke yana nan. Da shi na ɗinka wa yara kayan makaranta, ina takawa ina kuka.

Ya ce a ba ka kwat, wai kai ne mai sanyi. Na ba Malam Ibrahim.

Matar yayanka,
Celina

Gembu
Oktoba, 1986

Matarmu,

Kwat ta iso. Ta yi mini yawa, tana kuma ƙamshin man zafinsa. Na sa ta na hau inda aka ɗauki hoton nan, na zauna na yi kukan da ban yi a bakin kabari ba.

Ki daina cewa ya yi ƙarya duka. Wanda zai sauka a Kafanchan ba ya bukatar kwat. Ina jin ranar da ya saye ta, da gaske yake son zuwa.

Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙaninku,
Jethro